Aku Ba Tantabara Ba Ne

Makon jiya wani saurayi daga cikinku ya shigo mini zaure da aku biyu a cikin buhu. A hannun mutanen kudu masu aikin hanyar jirgi a Gusau ya saye su, ya ɗaure bakin buhun da igiya kamar wanda ya sayo kaji. Ya dire a gabana ya ce in haɗa masa keji ɗaya babba kafin la'asar, wai ai kara ne da igiya, da yana da sarari ma da kansa zai yi. Ban zage shi ba, don na san ubansa. Na dai raba tsuntsayen a wuri biyu, na ba su ruwa, na ce ya zauna. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, tunda na lura dukanku tunaninku ɗaya ne.

Kejin farko da na yi da hannuna na kara ne, irin wanda kuke so. A nan Bungudu na tashi a hannun Kawu Nomau, ƙanin mahaifiyata, tun kafin Nasara su zo ƙasar nan. Shi ya tara mini karan dawa ya ce in nuna masa abin da na iya. Na feƙe, na jera, na ɗaure, har da ɗan ado a sama, ina ta hura hanci. Kawu ya duba kejin. Ya ɗauko tsohuwar akunsa da muke kira Goggo ya sa a ciki, ya ce mu sha fura. Ba mu kai gindin ƙwaryar ba sai ga Goggo tana tafiya a tsakar gida da guntun kara a baki, kejina kuwa ya yi ƙofa a gefen da ban yi masa ba.

Kawu ya lashe ludayi ya ce, "To, Mamman, yanzu ka san da wa kaka aiki."

Daga ranar na fara koyon sana'a. Ginshiƙan keji na itacen kirya ne, da gizago ake sassaƙa su, kuma kirya ba ta tausayin hannu. Sandunan na gora ne, amma ba gorar da aka saro jiya ba, sai wadda ta yi damina guda a rataye a ɗakin girki tana shan hayaƙi har ta yi ja. Huji da ƙarfe mai zafi ake yi, ɗaya bayan ɗaya, in ka yi sauri itacen ya tsage ka koma farko. Duk wani ƙulli a waje yake zama, inda baki ba ya kaiwa. Ƙofa kuwa ba a sa mata sakata ta itace, domin aku zai zauna ya kalli hannunka har ya gane yadda kake zarewa. Sai ƙugiyar ƙarfe daga maƙera. Itacen da zai tsaya a kai na tsamiya ne da ɓawonsa, don ya sami abin gwaguya ya ƙyale maka sanduna. Wannan duka shi ne abin da yaron nan ya kira kara da igiya.

Amma keji rabin sana'ar ne kawai. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro sukan dawo da aku, masu ruwan tokan nan da jar wutsiya, an kamo su daga kurmi. Kafin su iso nan sun rame, gashi ya zube, ba abin da suke sai ihu. A garinsu 'ya'yan itatuwan kurmi suka sani, ba su san dawa ba, ba su san gyaɗa ba. Sai ka cika wa tsuntsu ƙoƙo ya zauna a gabansa yunwa ta kashe shi. Shi ya sa fatake suke sauke su a gidanmu, mu riƙe su har su koyi ci, su saba da mutane, sannan a kai wa mai saye da kejinsa. Kuma ba mu muke koya musu ba. Goggo ce.

Ga yadda take yi. Kawu yana da keji mai ɗaki biyu, da shamaki a tsakiya. Sai a sa baƙon tsuntsu a ɗaki ɗaya, Goggo a ɗaya. Da fari ko kallonsa ba ta yi, ya yi ta ihunsa. In ya gaji, sai ta ɗauki gyaɗa da ƙafar hagu, ta matso jikin shamakin, ta fasa ta da ƙarfi yadda zai ji, ta ci ƙwaya ɗaya a kan idonsa. Ɗayar kuma ta sake ta a wani ɗan kwararo na tsagin gora da Kawu ya yi a ƙarƙashin shamakin, ta gangara ɗakin baƙon. Sannan ta ce, da muryar da ta kwaikwaya a bakin Kawu, "Taho ka ci." Haka za ta yi ta yi safe da yamma. Ban san abin da suke ji a cikin wannan ba, amma na ga tsuntsun da ya riga ya rufe ido ya sauko ya ɗauka. Ba wanda ya koya mata. Kawu ya ce shi dai ya lura tana jefa gyaɗa ta tsakanin sanduna, sai ya yi mata kwararon.

Shamakin nan shi ne ran aikin, don haka ku buɗe kunne. Layi biyu ne na sanduna, da tazarar yatsu uku a tsakani, yadda za su ga juna su ji juna amma baki ba zai kai ga ƙafar ɗan'uwa ba. Aku in ya sami yatsan wani a jikin sanda, cire shi yake yi. Itacen tsayuwa na ɗakunan biyu dole tsawonsu ya zo daidai, don in ɗaya ya fi tudu, wanda ke sama ya zama sarki, na ƙasa ya daina ci. Kowa da ƙoƙon ruwansa, kowa da ƙofarsa. Ana iya zare shamakin, na ga Kawu ya zare, amma sai bayan watanni, sai ya ga tsuntsayen suna zama kusa da juna gashi a sake, ɗaya yana sunkuyar da kai yana neman a sosa masa. Ko a lokacin ma da rana yake yi, yana zaune da sanda a hannu, in ya tashi ya mayar. Wasu su saba, wasu har su mutu ba sa shiri, kamar dai mutane. Goggo kuwa bai taɓa zare mata ba. Yakan ce ta tsufa, ba ta da ƙarfin faɗa, kuma ba mu da wata.

Shekarar yunwa ba wanda ya nemi keji. Wa zai ciyar da tsuntsu alhali yana tonon gidan tururuwa? Fatake ba su tafi ba, gizago ya yi tsatsa, muka koma saƙa kwando ba mai saye. Maƙwabta suka yi ta cewa mu rabu da Goggo, wani ma a kasuwar Tsafe ya ce zai ba mu hatsi a kanta. Kawu ya ƙi. Ni ke zuwa daji har wajen Karakkai in samo mata kanya da aduwa da ɗinya, ɗan irin gyaɗar da muka ɓoye kuwa da ita muka raba. A ƙarshen wannan shekara Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Bai bar gona mai yawa ba. Ya bar mini kayan aiki da Goggo, kuma da aka sami damina fatake suka dawo, ita ta ci gaba da ciyar da gidan nan.

Mutumin da ya fi kawo mana tsuntsaye shi ne Madugu Tanko na Gusau. Ba zan ɓoye alherinsa ba, a shekarar yunwa ya aiko mana da dawa ba mu roƙa ba. Wata kaka ya dawo da wani aku ƙato, matashi, mai faɗin ƙirji, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ya yi niyyar kai shi gaisuwa ga wani babban mutum. Tsuntsun ya ƙi ci, sai Madugu ya aiko aka kira ni. Na ce a ba ni shi in kai Bungudu kamar kullum.

Ya ce, "Wanga ba ya hita gidana. Kai dai ka kawo tsohuwar taka nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Goggo ba ta taɓa kwana waje ba."

Ya ce, "To ta hwara a gidana. Ko ka ga alamar ana cin aku a nan?"

Mutanen zaure suka yi dariya. Mutumin da ya ciyar da kai a yunwa, kuma daga hannunsa aikinka yake fitowa, ba ka ce masa a'a sau biyu a gaban jama'a. Na koma gida na yi sabon keji mai ɗaki biyu, mafi kyau da na taɓa yi, na ɗauko shi a ka har Gusau, Goggo a ciki na lulluɓe da zane. Na rataye shi a zaure na biyu inda ba hayaniya, na sa baƙon a ɗakinsa, na ɗaure shamakin da jijiya ta waje.

Wanda aka ce zai kula da su shi ne Bawa, baran Madugu, mai kiwon tantabarun gidan. Babban mutum ne da furfura, kuma a kan tantabara ba a ja da shi, tukwanensa sun cika katangar bayan gida. Na tsayar da shi a gaban Madugu na nuna masa komai.

Na ce, "Malam Bawa, ruwa da gyaɗa kaɗai nika so ka zuba. Wanga shamaki, kak ka taɓa shi. Ko ka ga suna sallama da juna, kak ka taɓa."

Ya ce, "Haba Mamman, tun ba a haihe ka ba nika kiwon tsuntsu."

Na ce, "Tantabara kaka kiwo."

Ya yi murmushi irin na wanda ya ji amma bai ɗauka ba. Na kwana biyu a gidan har na ga Goggo ta fara aikinta, sannan na koma, don ina da gyaɗa a gona ba a cire ba. Ranar kasuwa na leƙo, na tarar baƙon ya fara sauka yana ɗaukar abin da ta gangaro masa. Na sake leƙowa, na ga ƙirjinsa ya fara cika. Na gaya wa Madugu cewa in na kai wasu kejuna Tsafe na dawo, zan ɗauke abata, aiki ya ƙare.

Da hantsi na shigo Gusau daga Tsafe, ko ruwa ban tsaya sha ba na wuce gidan. Kejin yana rataye inda na bar shi, ƙofofin biyu a buɗe, ba kowa a ciki. An yanke jijiyar, shamakin yana jingine a bango. Na yi kira, sai ga Bawa ya fito yana washe baki.

Na ce, "Ina tsuntsayen?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, alheri na. Na ga sun saba, tana ba shi abinci da bakinta, shi ko yana amsa. Nac ce ma Madugu, mi za a yi ta wahalar zuwa kurmi, ga mace ga namiji? Na zare abin nan naka sunka tsaya nesa da juna, kowa na kumbura. Kunya ta. Sai na yi masu yadda aka yi ma tantabara."

Ku da kuka taɓa kiwon tantabara kun san abin da yake nufi. In ana so a haɗa mace da namiji, sai a kife su a ƙaramin kwando ko tukunya, wuri ya matse su, a bar su cikin duhu har su haƙura da juna. A tantabara yana yi. Da wannan ilmi Bawa ya tsufa, kuma da shi ya shiga aikina.

Ya kai ni bayan gida. Ga kwando a kife a gindin katanga, an ɗora masa dutse, tantabaru suna yawo a kai. Tun jiya da azahar, in ji shi. Ya ce da fari sun yi ta hayaniya, daga baya suka yi shiru, alamar an shirya ke nan. Na ture dutsen na ɗaga.

Baƙon yana maƙure a gefe, ƙirjinsa duk jini, wutsiyarsa a tsige. Goggo tana kwance a kan haƙarƙari. Bakinta na sama ya tsage har gindi, ƙafar hagu da take riƙe gyaɗa da ita saura yatsa ɗaya. Idonta a buɗe yake, ta gane ni, ta motsa kai.

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigar Bawa ba. Mutumin da ya girme ni ne, amma na jijjiga shi har hularsa ta faɗi.

Na ce, "Wa ya gaya maka mace ta? Wa ya gaya maka wancan namiji na? Sunan Goggo mu munka sa mata, Kawu har ya mutu bai ga ƙwanta ba. Aku ba a gane macensa da ido, kai da ka san tsuntsu tun ba a haihe ni ba."

Ya ce, "Ni alheri nay yi nuhi."

Na ce, "Na hwaɗa maka kak ka taɓa. Gaban ubangidanka na hwaɗa."

Hayaniya ta fito da Madugu. Ya dubi tsuntsayen, abin da ya fara cewa shi ne wutsiyar nasa ta lalace, ba ya kaiwa gaisuwa a haka. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Sake shi, Mamman. Ai tsuntsu na, ba mutum ba. In na koma Gwanja in kawo maka wata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk wadda za ka kawo, wa za ya koya mata ci?"

Bai taɓa tunanin wannan ba. Shekara da shekaru yana sauke tsuntsaye a gidanmu suna dawo masa da ƙiba, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce in kwashe su duka biyun, nasa ma ya bar mini, kada a tara masa mutane a ƙofar gida. Har yau in na tuna wannan ɗaga hannun sai raina ya ɓaci sabo.

Na sa Goggo a cikin rigata, na mayar da shamaki na sa baƙon a kejin, don na san in na bar shi kyanwa ce za ta ci. Haka na taka har Bungudu. Na dama kunu ina ɗiga mata da tsinke, na ɗaure ƙafar, na dafa bagaruwa na wanke bakin. Ta yi 'yan kwanaki tana karɓa, ba ta sake cewa komai ba. Wata safiya na tarar ta sandare a gindin itacen tsamiyarta, don ba ta iya hawa. Na haƙa rami a bayan ɗakin Kawu na rufe ta.

Shi kuwa wancan ya warke sarai, wutsiya ta fito ja wur. Na ci gaba da kiransa Baƙo, ban ga dalilin ba shi suna mai daɗi ba. Na yi niyyar sayar da shi, har na yi magana da wani. Ana gobe za a zo ɗauka, ina zaune ina feƙe gora, sai na ji an fasa gyaɗa, na ji ƙwaya tana gangara a kwararo, aka ce, "Taho ka ci." Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na juya, ga shi a jikin shamaki yana leƙen ɗakin da ba kowa. A 'yan makonnin nan da suka yi a Gusau ya ɗauke komai, har yadda take karkata kai.

Na yi murna, na ce Allah ya mayar mini da sana'ata. Na fasa sayarwa. Da fatake suka kawo sabbin tsuntsaye na sa ɗaya a ɗakin Goggo. Baƙo ya yi tsit. Ya kumbura, ya yi ta dukan shamaki da baki, in sabon ya matso ya yi masa ihu. Ko ƙwaya ɗaya bai gangaro masa ba, tsuntsun ya mutu a gaban ƙoƙo cike. Na gwada da wani, na raba su da nisa, na matso da su a hankali yadda Kawu ya koya mini, duk a banza. Daren da ya kwana a kwandon Bawa ya sa ba ya ƙaunar ganin aku kusa da shi. Sai an fitar da sabon tsuntsu, ɗakin ya zama wayam, sannan ya koma kiran a taho a ci. Bayan na yi asarar tsuntsayen mutane a hannuna na ce fatake su daina kawowa. Tun daga nan na koma mai keji kawai, rabin sana'ar ya bi Goggo rami.

Bawa ya rasu, Madugu ya rasu, na je gaisuwar kowannensu, na yi musu addu'a yadda ya wajaba. Amma kada wanda ya ce mini abin ya wuce. Ba mugunta ce ta kashe Goggo ba. Mutum ne da ya iya abu ɗaya ya ɗauka ya iya duka, aka gaya masa ya yi murmushi. Irin wannan murmushin na gani a fuskar yaron nan mai buhu.

Da na gama ba shi labarin sai ya ce, "To Baba, ai nawa tare anka kamo su, sun san juna."

Na ce, "A buhu sunka san juna. Duba ƙahwar ƙaramin."

Ya duba, ya ga farce ɗaya babu, jinin bai gama bushewa ba. Na ce keji mai ɗaki biyu zan yi masa, zai jira har gora ta samu, kuma shamakin da ƙusar maƙera zan kafe shi, yadda duk kejin da ya fita gidan nan yake tun bayan Goggo. In bai yarda ba ya je wajen masu akurkin kaji. Yana cikin sosa ƙeya sai ya ji magana a bayansa, ya waiwaya ya ga tsohon akun nan da ke rataye a ƙuryar zaure, wanda kuke tsokana da kara in kun zo wucewa. Ya tambaya ko shi ne. Na ce shi ne.

Baƙo bai kula mu ba. Ya fasa gyaɗarsa, ya ci ɗaya, ya saki ɗaya a kwararo, ya leƙa ɗakin ya ce a taho a ci. Ƙwayar ta gangara ta tarar da 'yan'uwanta na jiya. Ni nake kwashe su kowace safiya.